Hodi Mai Hoto da Tsagar da Ta Goce

Ina tsugune a gaban mai zare a babbar kasuwar Birnin Kebbi, ranar Asabar da hantsi, ina gwada shuɗi iri biyu a jikin ƙyalle, sai wayata ta yi ƙara. Nu'uman ne, ƙanen matar Hodi. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Yaya Arzika, Yaya Hodi ya rasu." Na ce masa wane Hodi. Hodi ɗaya na sani duk duniya, amma abin da bakina ya faɗa ke nan. Ya ce bayan ya karya kumallo ya yi kukan kansa na sara, ya kwanta a tabarma, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Mai zaren ya riƙe hannuna yana salati. Na tashi na tafi da zaren mutane a hannu, sai bayan kwana uku na mayar masa.

A zaman makoki kowa ya faɗi alherin Hodi, ni kuwa na kasa buɗe baki. Duk abin da ya zo mini a rai game da shi abin dariya ne, kuma ba a dariya a tabarmar makoki. Shi ya sa na zauna na rubuta. Abin da zan ba da labari a kai aiki ne guda da ya yi mini a watanni ukun ƙarshe na rayuwarsa: hoton mahaifiyata, wanda shi kaɗai ya rage a duniya, kuma ruwa ya ci rabinsa.

A Argungu aka haife mu, unguwa ɗaya, kusa da gulbi. Mahaifin Hodi masunci ne, 'yan'uwansa duka masunta ne, shi kuwa ruwa in ya wuce gwiwarsa sai ya fara kalmar shahada. Ranar bikin kamun kifi, lokacin da samari ke rugawa gulbin Matan Fada da homar kamun kifi da gora, Hodi yana can tudu yana bin masu ɗaukar hoto, yana leƙen abin da suke leƙawa. Da haka ya koyi sana'a. Daga baya ya koma Birnin Kebbi ya buɗe shago kusa da ƙofar Poli, wato kwalejin fasaha, inda ɗalibai ba sa rabuwa da neman hoton fasfo. Bayan shekara biyu na biyo shi da keken ɗinkina na kama shagon da ke jikin nasa. Shekara goma sha tara katako ɗaya ne tsakaninmu. In ya yi atishawa ni nake yi masa addu'a.

Akwai wani giwan ruwa da aka taɓa kamawa a biki, ƙato, ya kusa tsawon mutum. Hodi ya ɗauki hotonsa, ya yanko kifin a kwamfuta ya ajiye, ya sa masa suna Alhaji. Duk wanda ya zo yana son hoton tunawa da biki, sai Hodi ya tsayar da shi gaban labule ya ce, "Buɗe hannu kamar ka rungumi buhun shinkafa. Ɓata fuska. Ƙara ɓatawa, Alhaji fa shina da nauyi!" Gobe ka dawo ka ga kanka a bakin ruwa rungume da kifi. Malaman makaranta da ma'aikatan sakatariya waɗanda ko ƙafarsu ba ta taɓa jiƙewa ba, duk sun kama Alhaji. Wani saurayi ya kai nasa hoton gidan surukai don ya burge su, ya tarar da kifin nan a bangon falo, a hannun surukin. Hodi ya yi mako yana ba da labarin, kullum sai ya yi hawaye don dariya.

Manhajar da yake wannan aiki da ita a kwamfuta, Wanzamiya yake kiran ta, wai don tana aske ƙuraje da furfura ba tare da ta yanki kowa ba. Sunanta na Turanci ban taɓa riƙewa ba. Ya san ta ciki da waje. Yana hira da ita, yana yi mata faɗa, in ta yi nauyi ya lallashe ta.

Ambaliyar bara ta shiga tsohon gidanmu na Argungu. Da ruwa ya janye muka buɗe akwatin ƙarfe na marigayi mahaifinmu, a ƙarƙashin takardu na tarar da ɗan ƙaramin hoto fari da baƙi. Mahaifiyata ce, Riskuwa. Ina shekara tara ta rasu, ban taɓa sanin tana da hoto ba. Ruwa ya cinye kumatun hagu, sauran fuskar kuma duk ƙarce-ƙarce ne. Ina tuna muryarta, ina tuna hayaƙin kifi a zanenta, na san tana da tsagar Kabawa, layuka sirara daga gefen baki zuwa kunne. Amma fuskar kanta ta daɗe da fara ɓace mini. In na rufe ido ba ta tsayawa. Ban taɓa gaya wa kowa haka ba, ko matata.

Hodi ya karɓi hoton da hannu biyu. Ranar bai yi wasa ba. Ya sa shi a na'ura ya kwafe shi cikin kwamfuta, ya mayar mini da na asalin a ambulan, ya ce in ba shi mako biyu.

Kwana huɗu bayan haka ina auna wa wani mutum wando, allurai a bakina, Hodi ya faɗo shagona da waya a sama.

"Arzika! An saida mu!"

Na kusa haɗiye allura. Mai wandon ya ce inna lillahi. Kafin azahar labari ya zagaye layi cewa Hodi ya sayar da shago. Mai shayi ya zo jaje. Mansura, matar Hodi, ta ji a bakin maƙwabciya, ta hau keke napep daga unguwar Gesse ta iso hijabinta a karkace.

"Baban Ummi, shagon ka saida ban sani ba?"

"Wane shago? Wanzamiya anka saida!"

Sai da ya zaunar da mu ya yi bayani. Kamfanin da ya ƙirƙiri manhajar, can ƙasar Turawa, wani kamfani da ya fi shi girma ya saye shi ɗungurungum.

Na ce, "To kai mi ne naka a ciki?"

"Mi ne nawa? Shekara goma sha biyar ina tare da ita! In anka saida gidan da kake haya, ba ka tambayar wa ya saya?"

Mansura ta ce don Allah a rufa mata asiri, ta bar tukunya a wuta. Ta tafi tana yi masa Allah ya shirya.

Sauran masu hoto na gari tsoro ya kama su. A zaurensu na waya kullum magana ɗaya: za a rufe tsohuwar manhaja, za a mayar da ita ta haya wata-wata, za a ƙwace abin da mutane suka saba da shi. Hodi shi kaɗai ne mai murna. Ya karanta cewa sababbin masu ita sun yi alkawarin babu abin da zai canja sai alheri, kuma wata sabuwa na tafe wadda ke gyara hoto da kanta, maɓalli ɗaya kawai za ka danna. Daga nan babu mai tsayar da shi.

"Arzika, ka san inda duniya za ta? Ce mata kawai zan yi, sa wa Arzika gashi. Ta sa. In ce cire mishi wanga tumbi. Ta cire. Nan gaba ma tana ganin mutum za ta gane yunwa yake ji ta ƙara mishi kumatu!"

"In tana yin komi da kanta, kai mi za ka riƙa yi?"

"Shugabanci!"

Ya sayo balangu ya shimfiɗa takarda a kan teburin yankana, wai walimar sababbin iyayen gida. Ya taka rawa tsakanin kekuna biyu har ya ture mini dutsen guga. Hoton mahaifiyata kuwa ya ce a dakata. "Kada in taɓa Inna da tsohuwar aska. Bari sabuwa ta zo, minti ɗaya ka gan ta kamar jiya anka ɗauka." Na yarda. Murnar Hodi irin mai kama mutum ce, kamar mura.

Sabuwar ta zo bayan mako uku, ta sauka a babbar kwamfutar shago. Wanda ya fara faɗawa hannunta Baba Malami ne, tsohon direba, da ya zo hoton fasfo don tantance 'yan fansho. Bakabe ne na asali, fuskarsa cike da tsaga, wadda a wajenmu ake ce wa aska. Hodi ya kira ni in zo in shaida tarihi. Ya ce bismillah, ya danna maɓalli.

Wani saurayi ya fito a allo, fuska sumul kamar ƙwai, sanye da hular Baba Malami.

Tsohon ya matso, ya gyara tabarau. "Wanga ɗan wa ne?"

"Kai ne, Baba."

"Ni? Ina askata?"

"Baba, wato, ita na'urar..."

"In kai musu wanga su ce na aiko jikana shi ci mini fansho? Mai da mini fuskata, yaro!"

Hodi ya wanke masa hoton yadda aka ɗauka, ba gyara. Amma da zai tafi, Baba Malami ya dawo daga bakin ƙofa ya rage murya ya ce a ba shi guda ɗaya na saurayin ma, zai nuna wa tsohuwarsa ta san abin da ta samu. Mun yi dariya har mai shayi ya leƙo.

Cikin wannan dariyar Hodi ya buɗe hoton mahaifiyata ya danna. Wata mace ta fito, kyakkyawa, fara, kumatu luwai-luwai, irin waɗanda ake gani a jikin kwalin man shafawa. Babu ƙarce ko ɗaya, babu tsaga ko ɗaya. Na'urar ta ɗauki tsagar a matsayin lalacewar takarda ta share duka. Na tsaya ina kallon baƙuwar nan. Tsoron da ya kama ni shi ne kada in ci gaba da kallo ita ta zauna mini a kai, ta kore ɗan abin da ya rage.

Hodi ya rufe hoton da sauri. Ya ce, "Waɗanda sunka saye ta ba su taɓa ganin Bakabe ba."

Ya nemi inda ake hana ta wannan shara, bai samu ba. Ƙananan kayan aikin da ya saba bin hoto da su da hannu, wasu an ɓoye, wasu an cire. Ga kuma sanarwa cewa duk kwamfutar da ta taɓa intanet, tsohuwar manhajar za ta sabunta kanta, ko ka so ko ka ƙi. Abin da ya rage masa wata tsohuwar kwamfutar cinya ce a gida, wadda har yanzu tsohuwar Wanzamiya ke ciki. Washegari ya zo da ita a naɗe cikin zanen Mansura, ya ajiye a tebur, ya raɗa mata suna Hajiya, ya yi wa duk layin shela.

"Hajiya ta shiga kulle. Ba ta fita, ba ta gaisawa da kowa. Duk mai data a waya shi tsaya daga bakin ƙofa!"

Na ɗinka mata riga mai zik da ragowar shadda. Murnarsa ta dawo, sai dai yanzu ta koma kan Hajiya. Kullum bayan la'asar, in ɗalibai sun ragu, sai ya buɗe ta ya faɗaɗa hoton har kumatu ɗaya ya cika allo, ya bi layi ɗaya-ɗaya yana tantance wanne ne aikin wanzami, wanne ne aikin ruwa da ƙusa. Ta cikin katako ina jin sa yana cewa, "Sannu, Inna, kaɗan ya rage, kada ki motsa."

Wata Talata ya kunna wa babbar kwamfuta data daga wayarsa don ya tura wa wani hotunan biki. Ya manta Hajiya ta san wayar tun da can. Sai na ji ihu kamar an ga maciji. Na ruga. A allon Hajiya wani koren layi na tafiya a hankali, ta fara sabunta kanta. Hodi ya fizge wayar wuta daga bango, ba ta mutu ba, tana da batir. Ya dubi Hajiya, ya dubi wayarsa, ya fizgi wayar ya fita da gudu babu takalmi. Wai zai kai intanet ɗin nesa da ita.

Mutum mai shekara kusan hamsin, da tumbi, yana sheƙa gudu a bakin titi, waya a sama kamar tuta. 'Yan kabu-kabu suka ɗauka ɓarawo yake bi, uku suka rufa masa baya suna tambayar ina ya yi. Ina bakin shago ina ƙwala masa kira, bai ji ba. Sai da ya kai gidan mai. Koren layin ya tsaya, ya ɓace. Ɗaya daga cikin 'yan kabu-kabun ya goyo shi ya dawo da shi yana haki yana ɗaga wa mutane hannu.

"Ta tsira?"

"Ta tsira. Amma Hodi, mi ya hana ka kashe datar kawai?"

Ya tsaya baki buɗe. Ya dubi wayar. Sai ya zauna a ƙasa daɓas ya fara dariya, ni ma na zauna kusa da shi, muka yi ta yi har cikina ya ƙulle. Ɗan kabu-kabun ya girgiza kai ya tafi.

Mako takwas ya yi a kan hoton. Ya share ƙarce, ya sake zana tsagar kumatun hagu yana kwaikwayon na dama, layi bayan layi, a jere tsaf. Ya kira ni.

"Ita ce?"

"Ita ce."

"Arzika, tun muna yawo ba wando na san ƙaryarka. Wuya kake sosawa."

Na sauke hannuna. Na ce masa gaskiya ban sani ba. Na ce matar nan tana kama da Kabawa duka, amma ko ita ce ta haife ni, ba zan iya rantsewa ba, don na manta fuskarta. Ranar na fara faɗin haka da baki. Bai ce in yi haƙuri ba, bai yi mini wa'azi ba. Tambaya kawai ya yi, wa ya rage da ya san ta sosai. Na ce sai yayarta, Inna Laure, a Gulma.

"To rufe shago."

Muka shiga mota zuwa Argungu, daga nan babur zuwa Gulma, shinkafa kore shar hagu da dama. Hodi ya wanke hoton babba ya sa a ambulan ya rungume a ƙirji. Kafin mu kai Argungu duk fasinjojin motar sun san an sayar da Wanzamiya, har wata tsohuwa ta tambaya ko da yardar iyayenta.

Mun yi azahar a masallacin bakin hanya, muka shiga gida. Inna Laure na zaune a rumfa tana tsince shinkafa a faifai. Ta haura tamanin, amma bakinta bai tsufa ba.

"Wa nika gani? Arzika, kai da ɗan masuntan nan mai tsoron ruwa?"

"Ni ne, Inna. Yanzu a tudu nike kamun kifi."

Bayan gaisuwa ya durƙusa ya zare hoton a hankali, yana kallona yana ɗaga gira. Ta karɓa, ta kawo kusa da ido, ta kai nesa, ta karkata shi wajen haske.

"Tubarkalla. Kyakkyawa. Ɗiyar wa ce?"

Na ga kafaɗun Hodi sun faɗi. "Inna, Riskuwa ce fa."

"Riskuwa? To ina gocen?"

Muka dubi juna. Ta ajiye faifai ta ba mu labari. Ranar da wanzami ya zo yi wa Riskuwa tsaga, tana jaririya, Inna Laure na tsaye tana kallo. Ya gama dama, yana tsakiyar hagu, sai akuya ta shigo a guje ta ture ƙwaryar ruwansa. Hannunsa ya goce. Askar ta sauko a karkace daga ƙarƙashin kunne, ta ratsa sauran layukan ta tsaya kusa da haɓa. Tun daga nan a gida babu mai kiran ta Riskuwa, Goce ake ce mata. "Ubanka ma da shi ya gane ta cikin 'yan mata a bakin gulbi. Cewa ya yi a nemo mishi mai layin da ya ƙi bin hanya."

Na ciro hoton asali daga aljihu. A gefen inda ruwa ya ci, ƙarƙashin kunne, ga wani ɗan layi ya taso a karkace, sauransa ya ɓace cikin lalacewar. Inna ta ɗora farce a kai.

"Ga kansa nan! To wa ya goge shi a babban?"

Hodi ya yi gyaran murya. "Inna, wato akwai waɗansu Turawa da sunka sayi..."

"Hodi," na ce.

"To. Ni ne, Inna. Kwana uku na yi ina goge shi. Na ɗauka ƙusa ce." Ya cire hula ya dafe kai. "Wata biyu ina zagin bayin Allah a ƙasarsu, ashe ni ma ma'aikacinsu ne!"

Inna Laure ta yi dariya har ta yi tari. Sannan ta ce a miƙo mata gawayi daga murhu. Ta kama haɓar Hodi kamar yaro, ta juya kumatunsa na hagu, ta ja layi a hankali daga ƙarƙashin kunne, ta ɗan lanƙwasa shi a tsakiya, ta tsaya kusa da haɓa. Ina kallon yatsanta na tafiya sai nawa yatsan ya motsa. Na tuna. Ina kwance a cinyar mahaifiyata, ina bin wannan layi da yatsa daga sama zuwa ƙasa, tana kama hannuna tana yi kamar za ta cije shi. Fuskar ta dawo gaba ɗaya, da idanun, da yadda take tura baki in za ta yi dariya. Na juya na fuskanci bango. Inna ta ce a bar ni, a ba ni fura.

Daga nan Hodi ya zama abin kallo. Na ce ya ɗauki hoton kumatunsa da waya ya wanke fuska. Ya ɗauka, amma ya ƙi wankewa. "Hoto ƙarya yake yi. Sana'ata ce, na sani." Matsalar ita ce la'asar na tafe, in ya sake alwala gawayin ya tafi. Saboda haka ya ƙudura zai riƙe alwalar azahar har Birnin Kebbi. Ya ƙi ƙara fura. A mota ya ce in na ga yana gyangyaɗi in mintsine shi, na kuwa mintsine shi sau biyu, ɗaya ma bai yi gyangyaɗin ba. Ya hana a rufe gilashi kada gumi ya wanke layin, yana ta fifita kumatu da ambulan. Wani fasinja ya kasa haƙuri ya tambaya. Hodi ya ce, "Sabuwar aska ce, yanzu anka fito da ita, ta wata-wata ce." Da alwalar nan ya yi la'asar. Muna isa ya ɗauko madubin shagona ya jingina kusa da Hajiya, yana duban fuskarsa yana zana ta mahaifiyata.

A kwanakin da suka biyo baya ya rubuta wa sababbin masu manhajar wasiƙa ta inda ake kai ƙorafi, da Turancinsa na Poli da ya tsinta a bakin ɗalibai. Ya haɗa da hoton Baba Malami da na Inna Laure, ya bayyana musu cewa wannan ba lalacewa ba ce, mutum ne da danginsa. Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta zo, suna godiya, ra'ayinsa na da muhimmanci gare su. Ya ce ko aljani bai karanta wasiƙa da wannan sauri ba. Amma bai karaya ba. "Za su koya. In ba su koya ba, su ma wani zai saye su, sai mu sake rubutawa." Wata rana kuma, yana aiki bai ɗago ba, ya ce mini yanzu an daina yi wa yara tsaga, nan da shekara talatin sai a hoto za a gan ta, kuma Hajiya ba za ta rayu har abada ba. Yana so kafin batirinta ya mutu ya zagaya Argungu da Gulma ya nemo tsofaffin hotunan mutane. Na ce da wane lokaci. Ya ce ai shi shugaba ne, yana da lokaci.

Ranar Alhamis bayan la'asar, kwana biyu kafin rasuwarsa, ya ƙwanƙwasa katako sau uku. Na shiga. Ya sa hoton a firam, ya kife shi a tebur, ya tsaya a gefe hannu a baya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

"Juya. Amma in ka sosa wuya wallahi sai na kai ka ƙara wurin Inna Laure."

Na juya. Mahaifiyata ce. Layukan na nan, gocen na nan, ya ratsa su ya tsaya kusa da haɓa. Bai ƙara mata haske ba, bai rage mata komai ba. Na rungume firam ɗin, ban san lokacin da na zauna a bencin 'yan fasfo ba.

"Ita ce?"

"Ita ce, Hodi. Goce ce."

"Ka duba kunnuwan? Naka ne sak. Ban taɓa su ba, haka Allah ya yi ta, baiwar Allah, nan ne kawai ba ta yi sa'a ba."

Na yi dariya hawaye na zuba a kan gilashin. Ya fizge hoton ya goge da hannun rigarsa ya mayar mini.

"Kai, tashi ka tafi gida. Wata uku ina cire ruwa daga wanga hoto, ka zo kana ƙara wani."

"Hodi, ban san yadda zan gode maka ba."

"Kada ka rataye ta inda rufi ke yoyo, shi ke nan godiyar."

"To. Sai da safe."

Ya nuna firam ɗin da haɓa. "Allah shi kai mu. Ka gaida Inna."